Shekarar da Tabar Kaka Ta Yi Cizo

Ranar wata Asabar ce a farkon bazara, shekarar da nake aji huɗu a lekol, wato makarantar boko, mangwaron tsakar gidanmu na unguwar Pumpumre ya fara nuna. Tun da hantsi aka share gindin darbejiyar da ke bayan zaure, aka shimfiɗa tabarma, Baba Toma ya zauna ya miƙe ƙafafunsa masu faso. Tsoho ne baƙi siriri, manomi daga gindin dutsen Tingilin, da ɗan gicciye na katako rataye a wuyansa. A gabansa an ajiye sababbin lofe biyu na yumɓu waɗanda wuta ba ta taɓa shiga ba, da moɗar ruwa, da kaskon garwashi. Ni kuma na fito daga ɗakin taba riƙe da ƙananan ƙorai biyu, ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A ƙoryar dama akwai haɗin kakata, Inna Ladi, wadda ta tsufa tana haɗa tabar lofe a Garwa. A ta hagu akwai haɗin mahaifiyata, na farko da ta taɓa yi da kanta. Baba Toma bai san wace ce ta wa ba, kuma abin da zai faɗa a ranar shi zai yanke ko Kaka za ta ci gaba da riƙe tukwanen taba, ko za ta miƙa su ta koma gefe.

Mu Hausawan Garwa ne, fatauci ya kawo kakanninmu tun kafin a haifi Kaka, suka ga wuri suka zauna. A titi Fulatanci muke yi da kowa, a lekol Faransanci, Hausa kuwa ta gida ce da kasuwa, shi ya sa ma mahaifiyata Dada muke kiranta, kamar 'ya'yan maƙwabta. Mahaifina harkar shanu yake yi, rabin shekara yana tsakanin Meiganga da Banyo, saboda haka gidan a hannun Kaka yake, kuma warin taba ya kama komai na cikinsa, daga katifa har kayan sallah. Abin da ke ba baƙi dariya shi ne Kaka ba ta taɓa kai lofe bakinta ba, ko sau ɗaya. Ta gaji sana'ar daga uwarta, ita ma ba ta sha. Idan aka tambaye ta yadda take sanin abin da take sayarwa, sai ta ce, "Ni hanci da hannu ce, harshena yana kan dutse." Baba Toma take nufi.

Ganye iri biyu take haɗawa. Akwai na dutse, baƙi mai kauri, wanda su Baba Toma ke nomawa a bayan ɗakunansu inda awaki suka kwana, shi kaɗai yana juya wa mutum kai. Akwai na bakin kogi, ja mai laushi, wanda ake shukawa a gaɓar Binuwai idan ruwa ya janye, shi kuma shi kaɗai ba shi da maraba da hayaƙin kara. Za a shanya su a inuwa har su yi laushin fata, a zare jijiyar tsakiya, a naɗe, a yayyanka siri-siri da wata tsohuwar wuƙa da wasawa ta cinye rabinta. Daga nan sai aikin da Kaka ba ta bari kowa ya taɓa. Za ta narka zumar da mahaifina ke kawowa daga Meiganga a ruwan ɗumi, ta jiƙa kanwa a wani ƙoƙo dabam, ta tsoma ɗan yatsa ta ɗora a harshe, ta ƙara ruwa ko ta ƙara kanwa, sannan ta yayyafa da ɗan ƙaramin ludayi tana cuɗawa. Zuma ce ke kawo ƙanshi da laushi, kanwa ce ke ta da ƙarfin ganyen, kuma idan ta yi yawa hayaƙin yana kama harshe kamar barkono. Sai a danna taba cikin tukunya, a rufe da faifai, a liƙe baki da laka, a bar ta ta kwanta. Lokaci-lokaci Kaka za ta fasa lakar ta sa hanci, ta juya, ta sake liƙewa.

Aikinmu mu yara shi ne zare jijiya, kuma babu aikin da na tsana kamarsa. Hannu yakan yi baƙi ya yi danƙo, ko ka wanke da toka sai ka ji ɗaci a tuwon dare. A lekol 'yar taba ake kirana. Akwai ranar da malaminmu ya shigo aji yana shinshine-shinshine, ya tsayar da manyan yaran baya yana lalube aljihunsu, ni kuwa ina zaune a gaba da wankakken yunifom ina kallon allo kamar ban san komai ba. Amma ɗakin taba yana da amfaninsa. Shi ne wuri mafi sanyi a gidan idan Garwa ta ɗauki zafinta, can muke ɓuya ni da ƙanwata mu yi carafke, can muke ajiye 'yan tsanarmu na kara, kuma can tulun zuma yake. Kaka ta san muna lasa. Sunanta aka sa mini, don haka Takwara take kirana, kuma duk ranar da ta ga zuma ta yi ƙasa sai ta ce, "Takwara, ɓeran ɗakin nan yana da yatsu biyar, ki gaya masa na gaishe shi."

Baba Toma yana zuwa sau biyu a shekara, bayan girbi ya kawo ganye, da bazara kuma ya zo ɗanɗano. Ba a kai tukunya ko ɗaya kasuwa sai ya ce ta yi. Yana da ƙa'idojinsa, kuma ba ya sassautawa. Ranar ɗanɗano ba ya cin goro, ba ya cin yaji, kunu kawai yake sha. Kowane haɗi da sabon lofensa, don tsohon lofe yana riƙe ɗanɗanon tabar da ta gabata. Ba a kunna masa da ashana, ya ce warinta yana shiga gaba, sai da garwashi. Kuma ba ya magana sai ya sha har gindi ya zazzage toka a tafin hannu ya duba. Kalmominsa kaɗan ne, duk mun haddace su. Idan taba ta ƙone da sauri ya ce tana gudu, idan wuta ta riƙa mutuwa ya ce tana barci, idan ta kama harshe ya ce tana cizo, idan kuwa komai ya daidaita sai ya ce ta kwanta. Hausarsa ta kasuwa ce, da Fulatanci a ciki kamar tsaki a gari, kuma tsakaninsa da Kaka ba a rabuwa da tsiya. Ita ta kira shi mutumin dutse, shi ya kira ta mai sayar da abin da take tsoro. A iya sanina bai taɓa yi mata kara a kan taba ba, ita ma ba ta taɓa musa masa ba.

Daminar da ta gabaci wannan Asabar ɗin Kaka ta kwanta, zazzaɓi da mura mai nauyi, har aka kira mahaifina daga Banyo. Allah Ya ba ta lafiya ta miƙe, sai dai wani abu bai dawo tare da ita ba. A miya muka fara gani. Za ta ɗanɗana ta ce lami ce, ta ƙara gishiri, ta sake ɗanɗanawa ta sake ƙarawa, mu ci muna bin kowace loma da ruwa. Wata rana shinkafa ta kama a tukunya, ƙauri ya cika gida har maƙwabta suka leƙo, Kaka tana zaune kusa da murhu tana tsince wake ba ta ji ba. Kowa ya gane hancinta da harshenta sun dushe, amma wa zai faɗa? Dada takan faki ido ta ƙara ruwa a miya, ta harare mu kada mu yi magana.

Mahaifina ne ya gwada, shi ma ta bayan gida ya biyo. Ya ce shekaru sun ja, bayanta yana ciwo, ta bar wa Dada tukwane ta huta. Kaka ta ce hutu yana kabari, kuma wanda bai san bambancin ganyen dutse da na kuka ba kada ya koya mata sana'a. Suka yi ta ja har ta gaji, ta ce to an ji. Bana ganye ya yi yawa, ita za ta haɗa tukunya ɗaya, Dada ta haɗa ɗaya, Toma ya raba gardama ba tare da ya san mai kowace ba. Idan ya zaɓi tata, kada ta sake jin kalmar hutu a gidan nan. Idan ya zaɓi ta Dada, za ta miƙa wuƙa da ludayi. Ta faɗi haka ne tana murmushi, don ko a mafarki ba ta zaci za a kai ga na biyun ba. Dada kam ba ta so ba. Mace ce mai shiru, ta yi shekara da shekaru tana yanka ganye a gefen surukarta tana kallon hannunta, ba ta taɓa neman fiye da haka ba. Na ji ta tana ce wa mahaifina ya jefa ta cikin abin da ko ta ci ko ta faɗi ba daɗi. Duk da haka da ta shiga ɗakin taba ba ta yi wasa da aikin ba, na gan ta tana ɗora ruwan kanwa a harshe tana runtse ido, daidai yadda Kaka ke yi.

To, ga ni nan na durƙusa na ajiye ƙorai biyu a gaban Baba Toma. Kaka tana zaune a kujerarta 'yar tsugunno a gefen tabarma, Dada tana bayan zana inda za ta ji ba a gan ta ba, mahaifina kuwa ya ƙirƙiro wani uzuri ya fice tun da safe. Kaka ta gaya wa Baba Toma cewa ɗaya tata ce ɗaya ta surukarta, ya gyaɗa kai kawai. Ya fara da ta dama. Ya ɗebi kaɗan ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina, ya cika lofe yana dannawa da babban yatsa, na ɗauko garwashi da ɗan ƙarfe na ɗora masa. Ya ja sau biyu da sauri don wuta ta kama, sannan ya ja dogo ya riƙe hayaƙin a baki, ya sake shi ta hanci. Na ga gefen idonsa ya motsa. Ya ci gaba da sha a hankali, yana taɓa harshe da leɓe, har ya kai gindi, ya zazzage toka a hannu, baƙa ce mai dunƙule-dunƙule. Ya kurkure baki sosai, ya tofar, ya jira har iska ta kwashe hayaƙin. Sannan ya ɗauki sabon lofe ya cika da ta hagu. Wannan karon ya jingina da darbejiya, ya lumshe ido, hayaƙin yana tashi fari-fari yana ƙanshin zuma da busasshiyar ciyawa. Wuta ba ta mutu ba ko sau ɗaya, kuma tokar da ya zazzage fara ce, ya hura ta tashi.

Ya nuna ta hagu da bakin lofe ya ce, "Ladi, wannan hannunki ne, ko a duhu na san shi. Ta kwanta. Na dutse yana ƙasa, na kogi yana sama, zuma ta bi su ba ta wuce gaba ba. Kai ta kasuwa gobe." Ya juya ga ta dama ya girgiza kai yana dariya. "Wannan kuma yarinyar ta cika hannu da kanwa. Tana cizo tun daga fari, a tsakiya ta ƙara, a gindi sai ka ce an zuba toka a baki. Ki gaya mata kada ta ji haushi, kowa da haka ya fara."

Ban san inda zan sa idona ba, sai na sa shi a kan tururuwar da ke bin gefen tabarma. Kaka ba ta buƙatar tambayata. Ƙoryarta tana da ɗinki a baki inda ta taɓa tsagewa, kuma ga ɗinkin nan a dama kowa yana gani. Da ta so, da ta yi shiru, don Baba Toma ya riga ya ba ta nasara da bakinsa, Dada ba za ta taɓa tona ta ba, ni kuma harara ɗaya ta ishe ni. Na san ta yi wannan tunanin, don ta daɗe tana kallon ƙoryar tana murza carbi. Sannan ta ce, da muryar da take tambayar farashin albasa, "Toma, wadda ka ce tana cizo tawa ce."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya dubi ƙoryar, ya dube ta, ya miƙa hannu yana cewa a kawo wani lofe ya sake gwadawa, wataƙila bakinsa ne yau, jiya ya ci miya mai yaji. Kaka ta ɗora tafin hannunta a kan ƙoryar ta rufe. Ta ce, "Tun muna da ƙuruciya ka taɓa sake ɗanɗanawa? Kada ka fara yau a kaina." Ta ɗaga murya ta kira Dada da sunanta, Hajara, ta aike ni na ɗauko wuƙa da ludayin kanwa daga ɗakin taba, ta miƙa mata su a gaban baƙo. Dada ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, hawaye yana zuba. Kaka ta ce, "Matsa da kukanki can, taba ba ta son laima."

Da la'asar Kaka ta ce a kwashe tukunyarta a zubar a bola, ba za a sayar wa mutane abin da ke cizo da sunan gidanta ba. Baba Toma, wanda tun hantsi ya kasa tafiya, ya ce a ba shi. Ta tambaye shi abin da zai yi da ita, ya ce sha. Ta ce ya haukace, ga mai kyau nan ya ɗiba iya son ransa, ya ce wannan yake so. Aka juye masa ita a buhu, ya ɗaure a bayan kekensa ya tura ya tafi. Ni dai haushinsa nake ji a lokacin, na ƙi ko yi masa rakiya zuwa zaure, don a ganina shi ya karya kakata. Daga ranar Kaka ba ta sake taɓa kanwa ba. Ta sauko cikinmu yara tana zare jijiya, hannunta ya yi baƙi kamar namu, ta fi mu sauri nesa ba kusa ba, kuma bakinta bai huta ba. Amma na sha ganinta idan Dada ta fasa lakar tukunya, takan matso ta sa hanci ta ja numfashi mai tsawo, ta ɗago ta koma kan zare jijiyarta. Wannan ya fi komai ba ni tausayi.

Da bazara ta zagayo Baba Toma ya dawo ɗanɗano, ya sha haɗin Dada ya ce ta kwanta. Yana kurkure baki Kaka ta tambaye shi ina buhun bara. Ya ce ya ƙare a makon da ya wuce, shi kaɗai ya shanye, ko tsunkule bai ba wani ba. Ta ɗan matso da kujerarta ta ce ai taba takan gyaru idan ta daɗe, ko ta yi laushi daga baya? Na ga yadda take kallonsa, kuma na roƙi Allah a raina ya ce eh. Baba Toma ya goge baki da bayan hannu ya ce, "Ladi, har gindin buhu tana cizo." Kaka ta yi dariya har ta riƙe ciki, har ta share ido da gefen mayafi, ta ce a kawo wa mutumin dutse fura. A ranar na daina jin haushinsa, ko da yake sai da na girma na fahimci abin da ya yi. Shekara guda yana ƙona harshensa safe da yamma don kada aikin hannunta na ƙarshe ya tafi bola, amma ƙarya ɗaya mai sanyaya rai bai yarda ya yi mata ba.

Yau babu mai neman tabar lofe a Garwa. Tsofaffin da ke sha sun tafi ɗaya bayan ɗaya, Dada ta bar sana'ar tun da daɗewa, ɗakin taba an fasa masa ƙofa ta titi ya zama shagon cajin waya, 'yan babur suna cika gabansa da hayaniya. Ba na kewar taba, tari ne ya yi ajalin Baba Toma, kuma ranar da na ji warin sigari a rigar ɗana, unguwa ta ji mu. Sai dai ni ma na fara manyanta, ni ke dafa abincin gidana, kuma kwanan baya na lura yaran suna yawan shan ruwa idan suna cin tuwo. Na tambaye su ko miya ta yi gishiri, duk suka ce ta yi daɗi, Mama. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, yara ne masu tarbiyya, babu mai ɗaga ido. Ni ba ni da mutumin dutse.